Filtar kon, dogon bututu da sinokel: wanne ya dace da motar da ke shan ƙurar Maraɗi?

A shagunan kayan mota na Maraɗi, daga na kewayen babbar kasuwa har na bakin hanyar Ɗan Isa, yanzu ba a rasa filtar iskar nan ja ko shuɗiya mai siffar kan sukari, wadda ake kira kon, rataye a ƙofa, wani lokaci haɗe da bututun alminiyam mai walƙiya. Mai shago zai ce maka tana ƙara wa inji ƙarfin doki goma, tana rage shan esansi, kuma ba a sake sayen wata har mota ta tsufa. Abin da take bayarwa ba tare da gardama ba shi ne ƙugi: ka taka totur, mota ta yi gurnani, ƴan kabu-kabu su waiwayo. Sauran alkawuran sai an auna, kuma awon ba ya yawan goyon bayan mai shago.

A fara da yawan iskar da ake magana a kai. Injin esansi yana son kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na mai. Lita ɗaya ta esansi nauyinta wajen giram 750 ne, saboda haka tana cin iska fiye da lita 9,000. Corolla da ta sha lita 18 daga Maraɗi zuwa Damagaram ta zuƙi iska sama da lita 160,000, kuma idan cikin hunturu ne, kowace lita tana ɗauke da rabonta na ƙura. Ƙurar nan yawancinta garin yashi ne, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. In ta ratsa filta ta haɗu da baƙin mai, sai ta zama kamar man goge bawul, ta riƙa cin segima, wato zoben fistin, da bangon silinda a hankali. Ba a ganin ɓarnar a wata ɗaya. Sai bayan shekara mota ta fara shan mai tana shuɗin hayaƙi, a ɗora wa mai bidanji laifi. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya a Amurka da Turai suna tunanin titin da ruwan sama ke wankewa kowane mako ne, ba hanyar Dakoro a watan Janairu ba.

Kafin a sayi komai, a auna akwatin da mota ta zo da shi

Dalilin canza hanyar iska ɗaya ne: a ce ta kamfani tana shaƙe inji. Wannan kuwa ana iya gwada shi da kuɗi kaɗan. A nemo tiyo siriri mai garai-garai irin wanda magina ke awon lebur da shi, kamar mita huɗu. A cire murfin akwatin filta daga mota, a huda masa ƙaramin rami a ɓangaren iska mai tsabta, a wanke ɓarɓashin robar tas, a soka bakin tiyon ya kama da kyau. A janyo sauran cikin mota, a lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako mai tsawon mita ɗaya, a zuba ruwa mai kala kaɗan, kada ya wuce sulusin tsayin, don kada inji ya zuƙe shi. Mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya duba. A kwalta mara cunkoso, a giya ta biyu, a take totur har ƙasa zuwa kusan juyi 6,000 a minti, a karanta bambancin tsayin ruwa tsakanin ƙafafun biyu. Kowane santimita 10 yana daidai da kilopaskal ɗaya, wato kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyin iskar duniya. Idan aka ga santimita 25 ko 30, to ko da an kawar da filta da akwati gaba ɗaya, abin da za a samu bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. A injin 1ZZ-FE mai lita 1.8 na Corolla da Avensis, wanda ke ba da ƙarfin doki wajen 130, wannan doki huɗu ne, kuma a can ƙololuwar juyi inda ba wanda ke zama yana kai yara makaranta. Bayan gwaji a toshe ramin da noti da wanki na roba.

A juyi na ƙasa ma maganar ba ta taso ba. Lokacin da ƙafa ke rabin totur, papiyo, ƙofar iskar da totur ke buɗewa, shi ne ke tare iska da gangan, ba filta ba. Wannan shi ya rushe alkawarin rage shan mai: a motar da ke da injeksiyo, kwamfutar inji tana ba da mai gwargwadon iskar da ta shiga, filta ta buɗe ko ta ɗan toshe. Sau da yawa shan man ƙaruwa yake yi, domin mai mota ya ji daɗin ƙugin, ƙafarsa ta yi nauyi.

Filtar kon a buɗe cikin kapo

Ita ce ta fi arha, ita ta fi yawa, kuma ita ce mafi muni a nan. Akwatin kamfani yana ɗebo iska ta wani hanci da ke kallon gaba ko gefen mota, nesa da zafi. In an cire shi aka ɗaura kon a bakin tiyo, inji zai koma shaƙar iskar da ta ratso kondansar klim da radiyato. Iska tana rage kauri da kusan kashi 3 cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. A watan Afrilu, da waje ke haura digiri 40, motar da ke tsaye a cunkoso da klim a kunne tana iya tara zafin da ya fi na waje da digiri 20 ko fiye a ƙarƙashin kapo. Kashi 3 da aka ci riba ta fuskar buɗewa, an mayar da 5 ko 6 ta fuskar zafi. Ba a nan ya tsaya ba: iska mai zafi tana jawo ƙwanƙwasar inji, na'urar jin ƙwanƙwasa ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta jinkirta wutar buji don kare fistin. Wanda ke shan man ruwa-ruwa na kwalba, wanda ba a san ingancinsa ba, shi zai fi jin wannan sanyin jiki na mota da rana tsaka.

Akwai kon ɗin da ke zuwa da garkuwar ƙarfe mai roba a baki, wadda ke mannewa da kapo idan an rufe. Wannan ta fi ta tsirara nesa ba kusa ba, muddin an bar hancin kamfani yana hura mata iska daga waje. Garkuwar da ba ta rufe sama da ƙasa ba ado ce kawai.

Abin da aka yi filtar da shi

Nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa yana tunani. Ana gwada filtar iska da ma'aunin ISO 5011, ana ciyar da ita ƙura sananniya a ga kashi nawa ta tare. Lambobin suna yaudarar ido saboda duk suna kusa da ɗari. Ɗauki misali: wadda ta tare kashi 99.5 da wadda ta tare 97. A takarda kamar ƴan uwa ne, amma ta farko ta bar rabin kashi ya wuce, ta biyu ta bar uku, wato ninki shida na yashi a cikin silinda.

Filtar takarda ta kirki, irin ta Toyota da kanta, ko Denso, Mann-Filter, Mahle da Purflux, ita ce ma'auni, kuma da wuya a doke ta wajen tare ƙura mai laushi. Aibinta shi ne jabu ya yi yawa a kayan da ke shigowa kasuwa. Ana gane ta gaske da yawan ninkin takarda da daidaituwarsu, da robar baki mai laushi wadda ke dawowa in an danna ta da farce. Ta jabu ninkinta kaɗan ne, robarta ta bushe kamar tsohon silifa, kuma in an haska tocila ta baya ana ganin ɗigon haske.

Ta auduga mai mai, wadda K&N ta Kaliforniya ta yi suna da ita tun 1969, kuma BMC ta Italiya ke yin irinta, yadudduka ne na auduga tsakanin ragar waya, jan man da aka shafa shi ke kama ƙura. Iska tana wuce ta da sauƙi, gaskiya ne, kuma aikin hannun na asali yana da kyau. Amma sauƙin wucewar daga manyan ƙofofi yake zuwa, kuma ƙarfinta duka ya rataya a kan man. K&N ta taɓa cewa ana iya kai mil 50,000, wajen kilomita 80,000, kafin wanki, amma ta ɗaure maganar da tuƙin babban titi na yau da kullum. A nan ƙura tana shanye man cikin ƴan watanni, jan ya koma toka-toka, daga nan auduga ce kawai a gaban yashi. Wankinta ma yana da ƙa'ida: a fesa sabulunta, a bar shi minti 10, a ɗauraye da ruwa mara ƙarfi daga ɓangare mai tsabta zuwa mai datti, a bar ta ta bushe da kanta a inuwa, sannan a bi kan kowane ninki da man kamfanin, a jira minti 20, a cike wuraren da suka rage fari. Ba esansi, ba kwamfresa, ba baƙin mai. Wanda zai iya wannan hidima kuma motarsa ba ta barin kwalta, zai iya zama da ita. Wanda zai miƙa wa yaron wankin mota ya yi mata tiyo, gara ya bar ta a shago. Yawancin jajayen da ke rataye da sunan K&N a farashin filtar takarda biyu kuwa, suna kawai suka ara.

Busasshiyar filta ta zaren roba, irin AEM Dryflow da aFe Pro Dry S, ita ce ta fi dacewa da wanda ya nace sai ya canza. Ba ta buƙatar mai, don haka ba ta ɓata debimetir, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, ana kuma wanke ta. Ta soso, irin ITG, Pipercross da Uni, tana ɗaukar ƙura da yawa kafin ta toshe, shi ya sa masu tseren daji ke son ta, amma su bayan kowane tsere suke wankewa su shafa mai. Ta ragar ƙarfe zalla ba ta cancanci sunan filta ba, rariya ce, tsakuwa da fara kawai take tarewa.

Dogon bututun da ke kai filta ƙasa bayan parshok yana magance zafi da gaske, kuma kayan Injen, AEM ko K&N da aka ƙera wa ainihin samfurin mota suna zama daram. Matsalarsa wurin da ya kai filtar: daidai inda tayar gaba ke tada ƙura, kuma ƙasa da gwiwar mutum. A watan Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi, akwai titunan cikin gari da ke zama gulbi na awa ɗaya ko biyu. Ruwa ba ya matsuwa. Kofi ɗaya ya shiga silinda, biyel, sandar da ke riƙe fistin, ta lanƙwashe, sai sauke inji. Safar da ake sa wa filta tana tare fantsama, ba ta tare nutsewa.

Sinokel

Ga Hilux, Land Cruiser da sauran motocin da ke shiga Mayahi, Dakoro da Bermo, wannan ne gyaran da ya cancanci kuɗinsa, kodayake ba ya ƙara doki ko ɗaya. Aikinsa ɗauke bakin iska daga saman taya zuwa tsayin rufi, inda ƙura ta fi sauƙi. Ba banza ba Toyota ke fitar da yawancin Land Cruiser 78 da 79 na aikin daji da nasu tun daga kamfani. Na Safari daga Ostireliya robarsa mai kauri ce kuma tana jure rana. Kwaikwayonsa masu arha suna yin fari su tsage bayan bazara ɗaya ko biyu, kuma tsagar tana yawan fitowa a ɓoye, ta cikin gefen mota inda ƙura ta fi yawa.

Kai iri biyu ne ake sa masa. Mai buɗaɗɗen baki yana kallon gaba ya yi kyau a kwalta, amma in ana bin bayan wata mota a burji, ƙurarta yake kamfata, sai a juya shi baya. Mai kwano, wanda ke juya iska kamar guguwa ya jefar da yashi mai nauyi gefe kafin ta kai filta, shi ne na ƙasarmu. Donaldson da Sy-Klone suna yin masu kyau, wasu ma suna zubar da ƙurar da kansu. Sai dai a zaɓe shi da yawan iskar inji, ba da girman ido ba: injin 1HZ mai lita 4.2 yana jan wajen mita kubik 7 a minti a ƙarshen juyinsa. Kwanon da ya yi girma ba ya juya iska da ƙarfin da zai raba yashi, wanda ya yi ƙanƙanta kuma yana shaƙe inji ya sa baƙin hayaƙi. Wajen ɗaurawa, a shafa wa ramin da aka yanka a jikin mota fenti don tsatsa, a liƙe kowace mahaɗa, amma a bar robar nan mai kama da bakin agwagwa da ke ƙarƙashin akwati tana aiki, ita ke fitar da yashi da ruwan sama.

Ɗaurawa da saiti

Tambaya ta farko: da me motar ke auna iska? Tsofaffi irin Starlet mai 4E-FE da Carina E mai 4A-FE suna auna matsin iska ne a cikin kolekta, bututun da ke raba iska ga silindoji, don haka faɗin bututu bai dame su ba, a dai tabbatar an mayar da ƴar na'urar awon zafin iska cikin sabon bututu, kada a bar ta tana lilo. Masu 1NZ-FE, 1ZZ-FE da 2AZ-FE kuwa galibi debimetir gare su, waya ce mai zafi da iska ke sanyayawa. Ba duk iskar take aunawa ba, ɗan samfur take ɗauka, kwamfuta ta lissafa sauran bisa faɗin bututun kamfani. In an ɗauke ta daga bututu mai milimita 65 aka soka a mai 76, faɗin ciki ya ƙaru da kusan kashi 37 cikin ɗari, iska ta rage gudu, kwamfuta ta ɗauka kaɗan ce ta shigo, ta rage mai. Sakamakon: ralanti yana rawa, mota tana jinkiri in an taka, fitilar inji ta kama da lambar P0171. Saboda haka a auna cikin mazaunin debimetir na asali da ma'auni, kada a yarda da bambancin da ya wuce milimita ɗaya ko biyu. A kiyaye alkiblarta, a bar mata miƙaƙƙen bututu kafin ta, ba dab da lanƙwasa ba, domin iska mai hargitsi karatun hargitsi take bayarwa.

Ƙananan abubuwa ne ke kashe aiki. Tiyon numfashin inji da ke fitowa daga murfin bawul dole ya koma cikin bututu bayan debimetir, in an bar shi a buɗe iska mara lissafi da ƙura za su shiga ta nan. Bututu yana buƙatar maƙali a jikin mota da mahaɗar silikon mai lanƙwasuwa, domin inji yana girgiza a kan kujerunsa, kuma gargadar hanya tana kwance duk abin da aka rataya da kolye kaɗai, wato zoben ƙarfen da ake matse bakin tiyo da shi. Wutar lantarki tana bin alminiyam, a nisanta shi da kan batir mai alamar tarawa. A sake ɗaure kolye bayan mako guda.

Saitin kansa da waya ake fara shi. Ƙaramar na'urar ELM327 da ake sokawa a mahaɗar OBD2 ƙarƙashin sitiyari, tare da manhajar Torque ko Car Scanner, ta isa. Motocin Amurka daga 1996 da na esansi na Turai daga 2001 duk suna da mahaɗar. Tun kafin a taɓa komai, inji da zafi, a rubuta abu huɗu: zafin iskar shiga, giram nawa na iska a daƙiƙa, da gyaran mai, wato kashin man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, na gajeren lokaci da na dogo, waɗanda ke fitowa da sunan STFT da LTFT. A ɗauka a ralanti, a juyi 2,500, da kuma a kan hanya. Bayan ɗaurawa a cire kan batir mai alamar ragewa na ƴan mintuna don kwamfuta ta manta tsohon koyo, a bar inji ya yi ralanti ba klim har fanka ta tashi, a yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake karantawa a lokaci ɗaya na rana. Jimillar gyaran biyu in tana cikin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, lafiya lau. Ta haura 10, akwai magana. In lambar ta yi sama a ralanti amma ta sauko da an ƙara juyi, iska ce ke sata ta wata mahaɗa. In tana sama ko'ina, ko tana ƙaruwa da nauyi, faɗin bututu ne ko debimetir ta yi datti, wanda man filtar auduga da aka cika ke jawowa. Ana wanke ta da feshinta na musamman, irin na CRC ko Liqui Moly, ba a taɓa wayar da komai, ba a kuma yi mata feshin karbirato.

Haɗarin da ba ya nuna kansa yana cikakken totur. A nan kwamfuta tana daina bin na'urar iskar shaƙa da ke bututun hayaƙi, ta koma kan taswirarta, wato lissafin man da aka rubuta mata tun daga kamfani. Inji mara turbo yana son cakuɗa wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska a kan kilo ɗaya na mai a wannan hali. In debimetir tana rage lissafi, cakuɗar za ta tsinke daidai lokacin da ake wuce tirela a hanyar Tasawa, zafi ya hau kan bawul da fistin. Na'urar auna cakuɗa mai faɗin awo da ake sokawa a bututun hayaƙi ce kaɗai ke nuna wannan. Sake rubuta taswirar kwamfuta, ko ƙara mata akwati irin Unichip na Afirka ta Kudu, yana gyarawa, amma kashe wannan kuɗi don doki huɗu a Corolla ba lissafi ba ne. A Hilux mai turbo irin 2KD ko 1KD, ƙarfin daga taswira yake fitowa ba daga filta ba, kuma turbo ya fi kowa ƙin yashi, yana cinye bakin fukafukansa. Masu karbirato, irin tsohuwar Starlet mai injin 2E, in an buɗe musu iska sai an ƙara girman babban jiklar, ƙofar da mai ke fitowa, mataki ɗaya a duba buji: launin ƙasa-ƙasa daidai, fari fat mai ya yi kaɗan.

Ga motar gida, abin da ya fi biya shi ne a bar akwatin kamfani, a gyara maƙallansa da suka karye, a canza tiyon roba mai ninki in ya tsage a ƙasa inda ido ba ya kaiwa, a sa takarda ta gaske. A kuma rage al'adar nan ta hure filta da kwamfresa a duk bidanji. Iska mai ƙarfi tana yaga zaren takarda, kuma filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa tacewa, sannan duk buɗe akwati dama ce ga yashi ya faɗa ɓangare mai tsabta. In dole ne a hanya, a hura daga ɓangare mai tsabta zuwa waje, da ƙarfin da bai wuce bar 2 ba, bakin tiyo nesa da takarda. Ga masu gazuwal akwai ƴar na'urar nuna toshewa ta Donaldson ko Filter Minder, wadda ke nuna ja idan jan iska ya kai iyaka, galibi wajen kilopaskal 6, sai a canza a lokacin.

Ko wace iri aka ɗaura, akwai gwajin da ya kamata a yi mata cikin hunturu. A goge cikin bututu bayan filta ya yi fes, a shafa siririn giris da yatsa a wuri ɗaya nesa da debimetir, a rufe. Bayan kilomita 1,000 a buɗe a murza shi tsakanin yatsu. In ya yi santsi kamar yadda aka sa shi, filta da mahaɗai suna aiki. In an ji gurzar yashi, a duba robar baki da kolye tukuna, in duk suna lafiya, filtar ce ke zuba, a cire ta ranar.